Na biya an zana min manhajar rubuta bashi an gwada ta a Kwari, ga yadda aikin yaran yake

Mutane sun dame ni da tambaya wai yaran nan da suka yi mana zanen manhajar shago ya aikinsu yake, za'a iya basu aiki ko kuwa, toh yau dai na zauna zan faɗi komai dan na gaji da maimaita magana ɗaya. Bazan kama sunan kamfanin ba. Ɗan ƙaramin ofis ne anan Kano, su huɗu ne, maza uku mace ɗaya, kuma macen ce ma ke riƙe da ainihin zanen.

Ni shagon Baffana nake kula dashi a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi, sari muke bayarwa, kuma duk wanda yasan Kwari yasan rabin cinikin akan amana yake tafiya, mutum ya ɗauki dila ya bada wani abu, ciko sai ya sayar. Littafin bashin Baffa kuwa abin kallo ne, wani wurin boko wani wurin ajami, wani wurin ma zane ne kawai wanda shi kaɗai yasan ma'anarsa. Ambaliyar da ta shiga kasuwa a damunar 2022 ta jiƙa mana littafi guda, muka shanya shi a rana shafi shafi, wasu lambobin har yau rigima ake akansu. Sai kuma aka shiga wahalar takardun kuɗi farkon 2023, kowa ya koma taransfa, alat ya shigo wayar Baffa, wani ya shigo tawa, wani na POS, ka rasa wa ya biya wa bai biya ba. Tun lokacin nake cewa sai mun yi manhajar kanmu.

Da farko wajen mai rubuta kod na nufa kai tsaye, wato mai gina ainihin manhajar, shi ne ma Allah ya saka masa ya bani shawara yace kar in fara biyansa tukuna, in je a zana min samfur a gwada da mutane, in ba haka ba kifi a ruwa zan saya kuma duk gyaran da ya biyo baya sabon kuɗi ne. Nace samfur kamar ya? Yace kamar yadda tela ke yanka a takarda ko a wani tsumma kafin ya saka almakashi a shadda mai tsada. Wannan misalin ne ya shige ni.

Abinda suka ce zasu yi min a rubuce: zasu zo shago su ga yadda muke aiki, su zana allunan manhajar, wato shafukan da za'a gani a fuskar waya, su haɗa su ta yadda za'a dinga dannawa kamar gaske, su gwada zagaye biyu, su bani rahoto da fayil ɗin zanen. Sati huɗu. Kuɗin bazan faɗa ba dan farashi yanzu ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, amma dai ya ɗan ciji aljihu, sai da na ɓoye wa Baffa rabi. Rabi kafin alƙalami, rabi in an gama.

Bari in fara da inda suka burge ni. Satin farko basu taɓa kwamfuta ba sam. Yarinyar nan da abokin aikinta ɗaya suka zo suka zauna a kan benci a shago kwana biyu suna kallo kawai, tana rubutu a ɗan littafinta, har Baffa ya ja ni gefe yace kai waɗannan ba 'yan haraji bane kuwa? Ta tambayi yaran shago me suke fara rubutawa in an ɗauki kaya, ta ɗauki hoton shafukan littafin bayan ta rufe sunaye da yatsa, ta lura da wani abu da ni da nake shagon shekara da shekaru ban taɓa kawo shi a raina ba, wai mu bama neman mutum da sunansa, da garinsu muke nemansa ko laƙabi. Gaskiya ne kuwa, Alhaji Sani kaɗai muna da sun fi biyar, sai dai kaji ance na Gusau, na Maraɗi, mai jar mota. Ni a tsarin da na zo dashi a kaina suna da lambar waya ne a sama.

Bayan nan suka zana a takarda da biro, akwatuna akwatuna, ba kala ba ado, kamar aikin ɗan firamare. Naji haushi a raina nace wannan na biya? Ta ce da gangan ne, in mutum yaga abu ya yi kyau an sha masa fenti kunyar kushe shi yake ji, amma in takarda ce zai ce wannan bai yi ba a cire. Na yarda da ita daga baya dan ni kaina na soke alluna uku a wurin ba tare da naji komai ba.

Sai aka koma Figma. Ga wanda bai sani ba, manhajar zane ce da ake buɗewa a burawuza, tun 2016 aka sake ta ga jama'a, kuma ita yawancin masu wannan sana'ar suke amfani da ita yanzu. Abinda ya min daɗi shi ne linki ɗaya suka turo min, ina zaune a shago ina ganin abinda suke zanawa, in ga wani wuri in ajiye magana akai su amsa. Amma a gane, samfur ba manhaja bane. Nawa dai hotuna ne aka ɗaure da juna, ka danna nan ya kai ka can, ba ya lissafi ba ya ajiye komai, ko rubutu na gaske ba'a yi a ciki, lambobin da zaka ga sun fito an riga an shirya su ne. Wannan basu yi min bayaninsa da kyau ba tun farko, na je na nuna wa maƙwabcinmu ina cika baki wai manhaja ta kusa fitowa, ya danna wani wuri da ba'a haɗa ba abu yaƙi motsi, ya kalle ni ya yi dariya. Laifinsu rabi nawa rabi.

Yanzu ga inda muka yi faɗa.

Zagayen gwaji na farko sai kawai suka turo min saƙo wai an gama, komai lafiya, kowa ya iya. Nace da wa aka gwada? Ashe abokansu suka tara a ofis, 'yan jami'a masu manyan wayoyi, a ɗaki mai sanyi da intanet mai gudu. Wlh raina ya ɓaci. Nace waɗannan ko manhajar da aka rubuta da Sinanci ka basu sai sun lalubo hanya, ni Baffa nake so ya iya, da yaron shagonmu da ya tsaya a aji uku na sakandare, da Hajiyar da ke zuwa sari daga Nijar. Shugaban nasu ya fara kame kame wai lokaci ne ya ƙure, ita kuwa yarinyar ta fito fili tace gaskiya ne ba'a yi daidai ba, za'a sake kuma ba za'a ƙirga wannan cikin zagaye biyun ba. Dan wannan maganar tata ne ban karɓi kuɗina na tafi ba.

Gwajin gaske a cikin shago aka yi shi, ranar Talata bayan azahar, da hayaniya da masu turin kaya suna a bada hanya a bada hanya, akan wata Itel ta yaron shago mai tsagaggen gilashi da Tecno ɗin Baffa. Mutum biyar. Na yi ƙorafi nace biyar kacal? sai ta bani labarin wani masani Jakob Nielsen da ya rubuta tun shekarar 2000 cewa mutum biyar sukan tono wajen kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, gara ka gwada da biyar ka gyara ka sake da wasu biyar akan ka tara mutum goma sha biyar lokaci guda. Na je na duba daga baya haka ne, sai dai shi ma yace in masu amfanin iri daban daban ne kowane rukuni sai an samo nasa, kuma mu namu iri biyu ne ai, masu shago da masu sari. Wannan basu faɗa min ba. Amma dai zuwa mutum na huɗu ni kaina na fara ganin abu ɗaya ake ta tuntuɓe dashi.

Yadda take yi shi ne ta baka aiki ba tare da ta nuna maka inda zaka danna ba. Misali tace wani ya ɗauki turmi goma ya bada rabin kuɗi, rubuta. Sannan tace ka dinga faɗin abinda ke ranka da ƙarfi kana yi. Kuma kafin a fara sai ta ce ba ku ake gwadawa ba, zanen ake gwadawa, in kun rasa hanya laifinmu ne. Ni kuma aka kafa min doka in yi shiru, ko tari kar in yi. Wannan shirun shi ne abu mafi wuya da nayi a shekarar nan, kana kallon mutum yatsansa na yawo a kusa da madannin, bakinka na ƙaiƙayi.

Baffa ne na farko. Ta ce Baba Alhaji bismillah ku gwada mana. Ya gyara tabarau ya riƙe wayar nesa, ya daɗe yana kallo, sannan yace 'yar nan ina bashin yake? Allon farko dama ni na dage a saka wani zane mai hawa da sauka na cinikin wata, irin wanda nake gani a manhajojin banki, ya cinye rabin fuska, jerin masu bashi kuwa sai ka ja ƙasa. Baffa bai ja ba. Bai ma san ana ja ba tunda babu abinda ya nuna akwai saura a ƙasa. Mutum huɗu cikin biyar babu wanda ya ko kalli zanen nan nawa, na biyar ɗin ya tambaya ko network ne yake nunawa. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai maganar kalmomi. Sun saka debit da kiredit, yaron shagonmu ya juya su, ya rubuta mu ake bi maimakon mu muke bi. Da aka fassara kuma aka saka wata Hausar littafi wai "ma'amala" da "adana bayanai", Baffa yace wace ma'amala kuma. A ƙarshe bakin mutanen aka bi: Ya ɗauka, Ya biya, Saura. Shikenan. Kalma uku, babu wanda ya sake ruɗewa. Alamomi ma haka, ɗan hoton kwandon shara na gogewa wani ya ɗauka kwandon kaya ne ya danna dan ya ƙara atamfa, layukan nan uku na kusurwa da ake ɓoye abubuwa a bayansu babu wanda ya taɓa su ko sau ɗaya. Tun daga nan duk alama sai da aka rubuta sunanta a ƙasa.

Madannan sun yi ƙanana, Baffa yana son 5 yana samun 6. Yarinyar ta amsa cewa sun sauka ƙasa da ma'aunin girman madanni da Google ya bayar na 48dp wa wayoyin Android dan su samu wuri wa wancan zanen nawa. Rubutun kuma toka toka ne akan fari, a ofis ya yi kyau, a bakin shago da rana ta bugi gilashi sai ya ɓace ɗungurungum. Akwai ƙa'idar da ake bi ta bambancin hasken rubutu da bango, 4.5 zuwa 1, nasu bai kai ba. Nan kam na ɗora musu laifi ba ragi, wannan abu ne da ya kamata masu sana'a su sani tun kafin su zo kasuwa, bai kamata a ɓata lokacin dattijo akansa ba. Haka nan haruffa masu ƙugiya, nau'in rubutun da suka zaɓa dan gayu bashi da ɗ da ƙ da ɓ, sunan Ɗanladi ya fito harafin farko ya bambanta da sauran kamar an aro shi daga maƙwabta. A Kano kuke, Hausawa ne ku, haba. Suka canza zuwa Noto Sans magana ta ƙare. Ni kuma na ƙara da cewa a rubuta wa mai kod in mutum ya buga Dan ba ƙugiya dole ya samo Ɗan, tunda yawancin mutane basa saka ƙugiyar a waya.

Wanda yafi tsaya min a rai shi ne na Hajiya. Daga Maraɗi take zuwa, ta fi shekara goma tana sari a wajen Baffa, ta yarda ta gwada ɓangaren da mai sari zai ga nasa lissafin. Aka ce ta duba saura nawa ake binta. Ta kalla ta kalla tace 'yar nan wannan naira ne ko sefa? Babu alamar ₦ a wurin, lamba ce tsirara. Sai hira ta ɓarke, ashe in suna magana da Baffa wani lokaci da jika take lissafi, jika ɗaya sefa dubu, kuma a can dala ɗaya sefa biyar ce, in tace ɗari tana nufin sefa ɗari biyar. Baffa ya san wannan tun kafin a haife ni, a kansa yake juyawa, bai taɓa rubuta shi ko'ina ba. Da an tafi kai tsaye an rubuta kod da yaron shago ya zuba lambar da yaji a bakinta a matsayin naira, sai ranar biya a yi ta rantse rantse. Yanzu kowace lamba da alamar kuɗinta, kuma akwai wurin rubuta canjin da aka yi ciniki akansa a ranar. Wannan gyaran kaɗai a wajena ya biya kuɗin aikin.

Ita ce kuma ta kawo maganar sirri. Tace yanzu in ina tsaye yaro ya buɗe wannan, duk wanda ke gefe zai ga sunana da abinda ake bina? Littafi ai Alhaji karkata shi yake yi. Babu wanda ya yi tunanin haka a cikinmu. Aka mayar da jerin ya zama suna kawai, kuɗin sai ka shiga ciki.

Abu ɗaya da suka yi wanda naga ɓata lokaci ne, bayan kowane gwaji sai su karanto wasu tambayoyi goma da ake kira SUS, wani John Brooke ya tsara su a 1986, kana zaɓa daga 1 zuwa 5 ko ka yarda ko baka yarda ba, a haɗa maki, wai 68 ne matsakaici. Ƙila a wani wuri yana aiki. Anan kuwa mutumin da na gani da idona ya kasa rubuta bashi sau biyu, da aka tambaye shi yace ai madalla abu ya yi kyau Allah ya ƙara basira, ya bada biyar biyar har a tambayoyin da biyar ke nufin abin bai yi ba. Mutanenmu baza su kushe aikinka a gaban idonka ba, balle mace ta zo da ladabi tana Baba Baba. Makin ya fito wani iri, suka saka shi a rahoto da kala kamar wani abin kirki. Ni yatsun mutane na yarda dasu, bakinsu kam kara ce.

Zagaye na biyu bayan gyara da wasu mutum biyar daban aka yi, ya tafi sumul in banda wurin gyara kuskure, in ka rubuta lamba ba daidai ba hanyar komawa ta yi nisa, suka saka madannin fasawa a kusa. Suka kuma ƙara abinda Baffa ya nema da kansa, wurin ajiye murya, ya danna yace wane ya ɗauki kaza zai kawo bayan sallah, dan shi buga rubutu a waya azaba ne. A samfurin dai hoton makirfo ne kawai, amma ya danna shi ya yi magana har da gyaran murya, muka yi ta dariya.

Lokaci: sati huɗu suka ce, bakwai aka yi. Sau biyu ina kira ba'a ɗauka, sai can dare a turo saƙon ban haƙuri wai wuta wai wani aikin ya taso. Rahoton da suka bani shafi ashirin da wani abu da Turanci, na ce a yi min taƙaitaccen na Hausa da zan karanta wa Baffa, sai da na bi su kusan sati kafin ya zo, da ya zo kuma kana gani kasan inji aka baiwa ya fassara. Fayil ɗin zanen kam tsaf yake, mai kod ya buɗe yace ya daɗe bai ga wanda aka jera da kyau haka ba, kowane allo da suna, har da abinda zai fito in babu netwok ko in jerin babu kowa. Ku tabbata dai an mayar da fayil ɗin asusunku kafin ku biya cikon, ni saida na tuna musu.

In maki zan bayar uku da rabi cikin biyar, kuma rabin nan na yarinyar ne. Zan sake basu aiki? Eh, amma da sharaɗi a rubuce: ni zan kawo mutanen gwaji, a wurin sana'ata za'a yi, akan wayoyinmu, ina zaune. In abinka ɗan ƙarami ne kamar shafin nuna kaya da lambar waya bana jin kana buƙatar duk wannan, takarda da biro da mutum uku sun isa. In kuwa kuɗin mutane zai bi ta ciki, to kar ka tsallake.

Mai kod ya fara aiki satin da ya wuce, alluna tara ne maimakon goma sha shida da na zo dasu a kaina, ya ma rage min kuɗi saboda haka. Baffa kuma ya sayo sabon littafi mai bangon leda jiya, yace manhajar ta zo ya gani tukuna, amma ya tambaye ni sau biyu ko wurin muryar nan yana ciki.